Gwankin Dajin Zugurma

Kyamarar asalinta ta ƙanena ce. Aikin jarida yake yi a Abuja, da ya sayi sabuwa sai ya zo gida da tsohuwar a wata babbar sallah, ya ajiye mini ita a gabana tare da wani dogon gilashi da ake ɗaura mata a baki, mai jawo abin da ke nesa ya zo kusa. In an haɗa su nauyinsu ya kai na sabon jariri.

"Yaya, ke ce ba a tafiya da ke sai kin sa an tsayar da mota don ki kalli tsuntsu," in ji shi. "Ga wannan, ki daina kallo a banza."

A lokacin na haura hamsin, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a nan Kontagora. 'Ya'yanmu duk sun tashi, gidan ya rage daga ni sai maigidana Alhaji, wanda yake sana'ar hatsi a kasuwa. Mutum ne mai fara'a da yawan magana, kuma wayarsa ba ta hutawa. Ko abinci yake ci, hannu ɗaya yana cikin kwano, ɗaya yana riƙe da waya, yana faɗa wa wani direba inda zai sauke masara.

Da ƙadangarun gidanmu na fara koyo. In na dawo daga makaranta sai in zauna a kan kujerar tsugunno kusa da rijiya, in jira jan gwada ya hau katanga ya fara gyaɗa kai. Hotunan farko duk dishi-dishi suke fitowa, domin gilashin ya fi ƙarfin hannuna, da na ɗaga shi sai ya kama rawa. Ƙanena ya ce in riƙa ɗora shi a kan wani abu mai laushi wanda ba ya motsi. Alhaji ya ji muna maganar, washegari sai ga shi da wata 'yar jaka da ya sa tela ya ɗinka, an cika ta da wake.

"Ga matashin kan kyamararki," ya ce yana dariya. "In kin gama da ƙadangaru sai mu dafa."

Daga ƙadangaru na koma kan kaji, daga kaji na koma kan balbelun da ke bin shanu a bayan gari. Sannu a hankali hotunan suka fara fitowa tar, har ana iya ƙirga gashin fiffike.

Wata rana ina koyar da darasin dabbobin dawa, wata ɗaliba 'yar garin Bobi, 'yar gidan makiyaya, ta ɗaga hannu. Ta ce kakanta yana ba su labari cewa a da gwanki har kusa da ruga yake zuwa, yana kiwo gefen shanunsu. Sai ta tambaye ni ko na taɓa ganinsa da idona. Na ce ban taɓa ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa ba. Aji ya yi dariya, muka ci gaba da darasi. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Dajin Zugurma bai fi tafiyar rabin yini daga ƙofar gidana ba, ga ni na shekara da shekaru ina zana gwanki da alli a kan allo daga hoton littafi.

Da hutun bazara ya matso na ce wa Alhaji ina so ya kai ni Zugurma.

"Gaisuwa ce ko biki?"

"Hutu za mu je. Zan ɗauki hoton dabbobi."

Mu a gidanmu ba a san tafiyar da babu dalilin mutuwa, ko aure, ko suna, ko kasuwa ba. Ya ce mutane za su ce mun rasa abin yi. Na ce su ce. Ya ce kasuwa fa? Na ce kasuwa tana nan kafin a haife mu. Daga ƙarshe ya yarda, ina jin don yana da wani manomi a can da suka daɗe suna hulɗa, ya ga zai haɗa da gaisuwa. Lokacin hanya tana lafiya, mutum yana iya shiga daji ba tare da fargabar komai ba sai ta maciji.

Muka tashi a tsohuwar a-kori-kurarsa. Zafi ake yi irin na gab da damina, wanda iska ma in ta buso kamar daga bakin murhu take fitowa. Mangwaro ya nuna, kowane ƙauye muka wuce an tara shi tsibi-tsibi a bakin titi. Matan Kambari suna tafe a gefen hanya da kayansu a kafaɗa. Na so in tsaya in ɗauke su, amma na ji nauyin nuna wa mutum kyamara ba tare da na san shi ba, sai na bari.

Manomin ya sauke mu a ɗaki mai kyau, matarsa ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa. Shi ya raka mu ofishin masu kula da gandun dajin, inda aka rubuta mu aka haɗa mu da jami'in da zai riƙa shiga da mu. Bakambare ne, gajere, mai furfura a gemu, da bindiga rataye a kafaɗa. Hausarsa tana da wani lanƙwasa mai daɗin ji, kuma ba ya gaggawar magana. Ya dubi farar babbar rigar Alhaji, ya shaƙi turarensa, ya ce da wannan shigar ko kunkuru ba zai tsaya mana ba. Ya ce ba fararen kaya, ba turare, ba surutu, kuma a kashe waya.

Don haka washegari Alhaji ya fito cikin kayan gonar mai masaukinmu, wando ya tsaya masa a ƙwauri, da malafa a ka. Matar gidan ta juya baya tana dariya a cikin mayafi. Ni kuwa na sa wani tsohon hijabi ruwan ƙasa da takalmin roba.

Kwanakin farko sun ba ni abin da ban taɓa zato ba. Da shigarmu muka tarar da garken gogon biri suna zaune a tsakiyar hanya, babbansu ya ƙi tashi sai da ya ga dama. Mun ga mugun dawa da 'ya'yanta suna gudu a jere, kowa ya miƙe wutsiya sama. Zabin daji kuwa ba a magana. Wata safiya na samu tsuntsayen burtu guda biyu suna takawa a cikin ƙonanniyar ciyawa, baƙaƙe wuluk da jan maƙogwaro, na ɗauke su har sai da suka gaji da ni suka shige. Dajin ya bushe, amma kaɗanya da maje sun riga sun yi sabon ganye, kore shar a kan ƙasa mai toka. Na ɗauki itatuwa ma, na ɗauki suri mai tsayin mutum, na ɗauki sawun maciji a kan yashi.

Gwanki ne kawai babu. Jami'in yakan tsuguna ya nuna mana sawunsa, ko kashinsa, ya ce jiya ya wuce, ko ɗazu ya wuce. Ya ce sun yi ƙaranci, kuma waɗanda suka rage sun san mutum, ba sa yarda da shi. Amma akwai wani busasshen rafi da ruwa ya kwanta a wani gurbi nasa, a irin wannan lokaci duk mai ƙishirwa nan yake zuwa. Muka yi 'yar bukka da rassa da ciyawa a kan wani tudu da ke kallon ruwan, muka kafa reshe a gicciye inda zan ɗora jakar waken.

Zaman jira shi ya fi wahalar da Alhaji. Mutumin da bai saba rufe baki ba, ga shi an ce ko tari kada ya yi. Yakan ja carbi, ya gyara zama, ya sake gyarawa, ya matso kunnena ya ce, "Malama, anya kuwa?" In ɗora yatsa a baki, ya koma.

Ran nan da hantsi, muna zaune gumi yana bin bayana, jami'in ya taɓa gwiwata da ɗan kara ya nuna da haɓa. Can tsallaken rafin, cikin itatuwa, wani abu yana motsi. Na fara ganin kunnuwa dogaye, sannan ƙahoni masu lanƙwasa baya. Suna tafe suna tsayawa, su saurara, su ƙara taku. Na sa ido a kyamara. Babban cikinsu ya kusa fitowa fili, saura ya wuce wani kututture.

Sai wayar Alhaji ta ɗauki ƙara.

A dajin nan babu sabis, shi ya sa tun ranar farko ya daina damuwa da kashe ta. Ashe a kan tudun nan yakan ɗan kamo. Kafin ya lalubo ta a aljihun wandon da ba nasa ba, tsallaken rafin ya zama wayam. Na ji ƙarar kofato da karyewar rassa, shi ke nan. Na danna kyamara duk da haka. Abin da ya fito ƙura ce da wutsiya ɗaya.

Jami'in ya ɗauki bindigarsa ya miƙe. Har muka isa gida Alhaji yana tuƙi yana satar kallona.

Da la'asar na zauna a gindin mangwaron gidan ina goge gilashin da ƙyalle, ya zo ya jawo turmi ya kifa ya zauna a kai.

"Malama, ki yi haƙuri. Direba ne, na san inda zai sauke kaya zai tambaya."

"Ya samu wurin saukewa?"

"Ban ma ɗauka ba."

Na ajiye ƙyallen. Na ce, "Alhaji, tun da muka yi aure na taɓa cewa ka kai ni wani wuri don kaina? Duk inda na je, ko ta'aziyyar danginka, ko bikin dangina, ko rakiyar yaro asibiti. Wannan kaɗai na roƙa. Na san a wurinka wasa ne. Ni a wurina ba wasa ba ne."

Ya sunkuyar da kai yana murza carbinsa. Can ya tashi ya ƙwala wa matar gidan sallama, ta fito daga madafa tana goge hannu. Ya miƙa mata wayar.

"Ki sa wannan a cikin kwallarki ki rufe. Ko na zo na roƙe ki, kada ki ba ni sai ranar da za mu tafi."

Ta karɓa da hannu biyu kamar an ba ta ƙwai, ta dube ni, ta shige ɗaki.

Kafin magariba gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta kwashe shanyar gidan, kaji suka ruga ƙarƙashin rumbu, sai ruwa ya ɓarke, ruwan farko na shekara. Yaran unguwa suka fita tsakar titi suna tsalle, mai gidan ya tsaya a bakin zaure yana ta hamdala, don ya riga ya gyara gonarsa yana jira. Kowa yana murna. Ni ma na yi hamdala, amma na san abin da ruwan yake nufi a gare ni. In ruwa ya kwanta a kowane kwari, babu dabbar da za ta sake zuwa gurbinmu.

Da safe jami'in ya tabbatar da haka. Ya ce yanzu sun watsu, sai dai sa'a. Alhaji ya tambaye shi ko babu wani wurin. Ya sosa gemu, sannan ya ce akwai wani fili can ciki mai ƙasar kanwa, inda dabbobi suke zuwa lasa, wani lokaci bayan ruwan farko sukan bi ta nan. Amma mota ba ta kaiwa, tafiyar ƙafa ce mai nisa, kuma ƙudan tsando a wurin ba ya wasa.

"Ban yi alkawari ba, Hajiya," ya ce. "Ni kaina na daɗe ban gan su a can ba."

Ranar ce muka shirya komawa Kontagora. Na dubi Alhaji, na ce in kasuwa tana jiransa mu tafi, abin da na samu ma ya isa. Ya ce, "Kin ji na ce wani abu? Gobe in Allah ya kai mu a kai mu wurin kanwar."

Muka yi sallar asuba muka fita. Inda hanya ta ƙare muka bar motar muka taka. Dajin ya sake kamanni a kwana biyu. Toka ta kwanta, ƙasa tana ƙamshi, shinge ya fito daga suri, fikafikansa sun zube a kan hanya kamar an watsa ɓawon gyaɗa. Tsuntsaye suna ta kuka ta kowane gefe. Laka tana kama takalmina, gwiwoyina suna ƙara, kyamarar tana ja mini wuya. Alhaji ya karɓe ta ya rataya, ya riƙe jakar waken a hammata. Sau biyu na tsaya na dafa itace ina haki. Bai ce mu koma ba, ya dai miƙo mini gorar ruwa.

Filin kanwar ba wani babba ba ne, farar ƙasa ce da dabbobi suka ƙwaƙule ta da harshe da kofato har ta yi ramuka. Jami'in ya ɗebi ƙasa ya saki don ya ga inda iska take bi, ya zagaya da mu ta inda warinmu ba zai kai filin ba, ya tsugunar da mu bayan wani kurmi na geza. A nan matsala ta fito. Babu bukka, babu reshen da zan ɗora gilashin. Rassan gezar sirara ne, da na ɗora sai su lanƙwashe. Na gwada gwiwata, ta yi ƙasa da yawa, ganye ya tare ni. Na gwada riƙewa da hannu, bayan doguwar tafiyar nan hannun rawa yake yi kamar na mai zazzaɓi.

Alhaji ya matsa gabana ya zauna dirshan a cikin laka, ya ba ni baya, ya ɗora jakar waken a kafaɗarsa ta dama. Ya nuna ta da yatsa. Na durƙusa a bayansa na ɗora gilashin a kai. Tsayin ya yi daidai, filin gaba ɗaya ya shigo cikin idona.

Muka jira. Rana ta fito ta fara ɗumama mana baya. Tsando ya same mu, kamar yadda aka faɗa. Cizonsa kamar an soka maka allura mai zafi, kuma yana ratsa tufafi. Muna korarsa a hankali, ba mari, ba ƙara. Wata gada ta zo ta lasa ta tafi. Jan biri ya leƙo daga kan kirya ya koma. Ƙafafuna suka mutu. Na fara shirya abin da zan ce wa ɗalibaina, cewa na ga ƙaho da wutsiya.

Ban ji zuwansu ba. Na ɗaga ido ne kawai na ga ɗaya tsaye a bakin filin, kamar tun da can yana nan. Girmansa ya ba ni tsoro, ya kai doki. Jikinsa ja-ja ne mai sirkin toka, ruwan sama ya wanke shi yana sheƙi. Fuskarsa baƙa da fari kamar an zana, kunnuwa dogaye da tukku a ƙarshensu, gashin wuya a miƙe, ƙahoni masu gaɓa-gaɓa sun lanƙwasa baya. Ya daɗe yana saurare. Sannan ya tako cikin fili, mata suka biyo shi, a tsakiyarsu ɗan maraƙi mai dogayen ƙafafu wanda kunnuwansa suka fi kansa girma.

Na ji kafaɗar Alhaji ta ƙame a ƙarƙashin gilashin. Shi ma ya gan su.

Na fara dannawa. Ƙarar kyamarar ƙanƙanuwa ce, amma namijin ya ji. Ya ɗago kai, farar ƙasa a bakinsa, ya juyo ya kafe kurminmu da ido. A daidai wannan lokacin wani tsando ya sauka a wuyan Alhaji, ƙasa da kunne, tazarar ɗan yatsa daga fuskata. Da gefen ido na ga ya kafa baki. Na ga fatar wurin ta motsa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na san zafin, don ɗazu na sha shi a ƙafa. In ya ɗaga hannu, ko ya karkata kai, shi ke nan. Ni ma ba halin in kore masa, hannayena biyu suna kan kyamara.

Bai motsa ba. Numfashi ma ya riƙe. Cikin ƙudan ya cika ya yi ja, shi kuwa yana zaune kamar an dasa shi. Gwankin yana kallonmu, hasken safiya ya faɗa a gefen fuskarsa, maraƙin ya matso ya tsaya ƙarƙashin wuyan uwarsa a bayansa. Hoton ya tsaya cak a cikin idona, babu rawa ko kaɗan. Na danna, na sake dannawa.

Namijin ya yi wani huci ta hanci, ya kaɗa kunne, ya mai da kai ga lasarsa. Sun daɗe a wurin. Na ɗauke su suna lasa, na ɗauki maraƙin yana tsalle ba dalili, na ɗauki carki ya sauka a bayan wata yana cire mata kaska. Da suka ƙoshi suka juya a natse suka shige daji, namijin a ƙarshe.

Sai a sannan Alhaji ya saki numfashi ya kai wa wuyansa mari. Ya dubi jinin da ke tafinsa, ya juyo.

"Kin samu?"

Na juyo da bayan kyamarar, na kare shi da hijabina saboda rana, muka haɗa kai mu uku. Ga shi nan, ido cikin ido, ana ganin ɗigon ruwa a gashin kunnensa da ƙasar da ta manne masa a leɓe. Na jawo hoton kusa, na ƙara jawowa, ko'ina tar.

"Alhamdu lillahi," na ce, na zauna a cikin lakar ban damu ba.

Jami'in ya karɓi kyamarar da hannu biyu ya daɗe yana kallo. Ya ce tun yana saurayi yake aikin dajin nan, 'ya'yansa suna jin yana cewa gwanki, gwanki, amma ba shi da abin da zai nuna musu. Ya tambaya ko zan iya wanke masa ɗaya. Na ce har da firam.

A hanyar komawa mota Alhaji ya rama duk shirun da ya yi. Ya ba mu labarin abin da muka gani tare kamar ba ma wurin. Ya ce shi ya fara hango su. Ya ce namijin shi yake kallo, ba kyamara ba. Ya ce da wani ne aka ciza haka da tuni ya yi ihu. Jami'in yana gaba yana murmushi, ni ina baya ina dariya har da hawaye, gwiwar da ke ciwo ma na manta da ita.

Wuyan ya kumbura sosai, har ya kasa juya kai da kyau. Da muka dawo Kontagora na matsa masa muka je asibiti aka duba jininsa, don na san abin da tsando yake iya sa wa mutum. Babu komai, aka ba shi magani, kumburin ya sace cikin 'yan kwanaki.

Na kai hotunan wurin mai wanke hoto a kan hanyar kasuwa. Ya buɗe su a kwamfutarsa, ya tsaya a kan na gwankin, ya ce, "Hajiya, wannan daga intanet kika sauko da shi? Wace ƙasa ce?" Kafin in amsa Alhaji ya ja wuyan rigarsa ya nuna masa tabon. Ya ce, "Ga ƙasar nan." Muka wanke manya guda uku. Ɗaya muka aika wa jami'in ta hannun mai masaukinmu, ɗaya na kai makaranta, ɗaya Alhaji ya ce nasa ne.

Da aka koma karatu na rataye nawa a ɗakin gwaje-gwaje. 'Yan mata suka yi cincirindo a gabansa, suna musu, wasu na cewa ba a jiharmu ba ne. 'Yar Bobin nan ta roƙi in ba ta ƙarami ta kai wa kakanta, na ba ta. Ƙanena da na tura masa ya kira ni yana cewa shi da ya yi shekaru da kyamarar bai taɓa ɗaukar kamarsa ba, na ce ai shi ba shi da kafaɗar ɗorawa.

Na Alhaji yana rataye a shagonsa, sama da buhunan masara. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya sha labari, kuma labarin yana ƙara tsawo kowace shekara. A bakinsa ƙudan ya kusa kai girman fara. "Hoton da muka ɗauka," haka yake cewa, ban taɓa gyara masa ba, don gaskiya ce.

Mun sake zuwa Zugurma bayan haka, mun kuma je bakin tafkin Kainji na ɗauki dorina. Daga baya hanyoyin suka lalace da rashin tsaro, aka daina shiga, mai masaukinmu ma ya kwashe iyalinsa ya dawo cikin gari. Ina yawan tunanin garken nan, ina roƙon Allah ya sa suna nan.

Yanzu na yi ritaya. Ranar da babu kasuwa mukan fita da sassafe zuwa bakin madatsar ruwa ta bayan gari, ni da kyamara, shi da kujeru biyu na roba da fulas ɗin shayi. Kwanan baya muna zaune ina fama da wasu agwagin ruwa da suka ƙi tsayawa, sai na ji ya taɓa ni da gwiwar hannu. Bai yi magana ba, ya nuna da haɓa. Can cikin fadama gauraka biyu ne suka sauka, da tukkunsu ruwan zinariya, irin waɗanda rabona da ganinsu tun ina yarinya. Na juya gilashin a hankali. Ya ajiye kofinsa a ƙasa don kada ya yi ƙara, muka zauna muna kallonsu har rana ta yi zafi.